Mece Ce Fistula a Wajen Likitoci?

Jikin ɗan Adam cike yake da hanyoyi, kowace da abin da aka halicce ta ta ɗauka. Abinci yana gangarawa tumbi da hanji, iska tana shiga huhu, fitsari yana saukowa daga ƙoda ya taru a mafitsara, jini kuma yana zagaye cikin jijiyoyinsa. Da yawa daga cikin hanyoyin nan maƙwabtan juna ne, siririn nama ne kawai ya raba su. Idan wannan shamaki ya huje, har kafa ta buɗe tsakanin gaɓoɓi biyu da bai kamata su haɗu ba, ko tsakanin wata gaɓa ta ciki da fatar waje, wannan kafa ita ce likitoci ke kira fistula. Rauni ne mai baki biyu, abin da ke wancan gefe yana kwararowa wannan. Ba a ɗaukarsa daga jikin wani, kuma yana iya samun namiji ko mace, babba ko jariri.

Abin da ya bambanta shi da sauran raunuka shi ne taurin kai wajen warkewa. Wanda wuƙa ta yanka, bakin ciwon yana haɗewa cikin kwanaki don babu abin da ke shiga tsakani. A nan kuwa fitsari ko bayan gida ko mugunya na bi ta cikin kafar dare da rana. Turbar da ake takawa kullum ciyawa ba ta rufe ta. Da tafiya ta yi nisa sai jiki ya shimfiɗa wa kafar wata fata ta ciki, ya ɗauke ta tamkar hanya ce ta asali. Idan aka kai nan, babu jiƙo ko turare ko ƙwayar asibiti da za ta toshe ta. Sai an gyara da hannu.

Wadda ta fi damun maza ita ce ta dubura, kuma yawancin masu ita ba su san sunanta ba, basir suke ce mata. A cikin dubura akwai wasu ƙananan kafofi masu fitar da ruwa mai yauƙi. Idan ɗaya ta toshe ta ruɓe, sai maruru ya fito a gefen dubura, da zafi da zazzaɓi. Marurun ya fashe, mutum ya ji sauƙi, ya ɗauka an rabu. Amma rami ya riga ya zauna daga cikin hanji zuwa fata, sai ya riƙa ganin ɗigon mugunya a wando, ya bushe na mako biyu ya sake tsatstsafowa. Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da suka kumbura, wannan kuwa rami ne, don haka mai ita zai iya shekara goma yana sayen maganin basir a wurin masu lasifika a kasuwa ba tare da ya ga canji ba. Ciwon tsoho ne a tarihin likitanci. Al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin aikinsa a littafinsa Al-Tasrif. Sarkin Faransa Luwis na 14 ma ya sha fama da shi, sai a 1686 aka yi masa tiyata ya warke. A yau likita kan buɗe ramin ya bar shi ya cike daga ƙasa, ko ya zura wani zare na musamman a ciki idan ramin ya ratsa naman da ke riƙe bayan gida. Wannan nama shi ne dalilin da ya sa aikin ba na wanzami ba ne: aska ta kauce kaɗan, mutum ya rasa ikon riƙe bayan gida har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wasu ire-iren. Zazzaɓin taifot kan huda hanji, kuma bayan an ɗinke wani lokaci ɗinkin ya saki, abin da ke cikin hanji ya riƙa fitowa ta fatar ciki. Akan haifi jariri da kafa tsakanin hanyar abinci da ta iska, a ga kumfa a bakinsa, da an ba shi nono ya shaƙe ya canja launi, kuma irin wannan tiyatar gaggawa yake buƙata. Tarin fuka da ciwon daji su ma kan ci nama su bar kafa. Har akwai wadda likitoci ke yi da gangan. Mai ciwon ƙoda da za a riƙa yi wa wankin jini, akan haɗa masa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, galibi a hannu, don jijiyar ta yi kauri ta jure wa allurar injin. A birnin Niyok aka fito da dabarar a 1966. Mai irin wannan hannu yakan ji wurin yana ɗan rawa a ƙarƙashin fata, kuma ana gargaɗinsa kada ya bari a auna hawan jini ko a ɗebi jini ta wannan hannun.

Amma a ƙasar Hausa idan an ambaci fistula, yoyon fitsari ake nufi, kuma da dalili. Ita ce ta fi rusa rayuwa.

Ga yadda take faruwa. Hanyar haihuwa tana tsakiya ne, mafitsara a gabanta, dubura a bayanta, duk ukun kuma ƙashin ƙugu ya kewaye su. A haihuwar da ta zo da sauƙi, kan jariri yana matse waɗannan sassa na ɗan lokaci ya wuce. Idan kuwa kan ya fi ƙarfin ƙugun, ko jaririn ya zo a karkace, sai ya cije. Mahaifa ba ta san an cije ba, turowa kawai take yi. Naman da ke tsakanin kan jariri da ƙashi sai ya matse har jini ya daina isa gare shi, naman da jini ya yanke masa kuwa mutuwa yake yi. Mace ta kwana biyu, uku, wata har biyar a kan gwiwa. A mafi yawan lokuta, wajen tara cikin goma, jaririn ba ya zuwa da rai. Kwanaki uku zuwa goma bayan haka mataccen naman ya saluɓe ya faɗo, ya bar huji. Matar da ke cikin zaman makokin ɗanta sai ta farka ta ga shimfiɗa a jiƙe, ta ɗauka fitsarin kwance ne, ta tashi tsaye ta ji yana bin ƙafarta. Idan hujin ta baya ne, bayan gida ke fitowa ta gaba. Wasu duka biyun ke haɗe musu.

Ba a nan ɓarnar ke tsayawa ba. Kan jaririn kan danne jijiyoyin da ke sauka ƙafa, shi ya sa ake ganin wasunsu suna jan ƙafa ko ɗingishi. Fitsarin da ke zuba kullum yana cin fatar cinya ya bar gyambo. Wasu al'ada ta ɗauke musu, wasu gaban ya tsuke saboda tabo. Sai kuma wani kuskure da kusan kowace mai yoyo ke yi, wanda kowa a matsayinta zai yi: ta rage shan ruwa don zubar ta ragu. Sakamakon shi ne fitsarin ya yi kauri, zarni ya ƙaru, fata ta ƙara ƙonewa, tsakuwa ta taru a mafitsara, ƙoda ta wahala. Abu na farko da ake koya musu a asibiti shi ne su sha ruwa da yawa.

Sauran wahalar kuwa mutane ne ke ɗora ta. A daina cin abincin da ta dafa, a ware mata kwano da tabarma, ta daina zuwa biki da suna, miji ya ce ta je gida ta warke, daga nan sai takarda ta biyo baya. Wata ta daina salla don tana ganin ba ta da tsarki, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa mai yoyon da ba ya yankewa sauƙi a hukuncin alwala. Wasu kuma su ce jifa ne ko aikin iska, ko a yi mata zargin abin da ba ta aikata ba.

Ana yawan ɗora laifin kacokan a kan auren wuri. Akwai gaskiya a ciki: yarinya kan fara al'ada kafin ƙugunta ya gama buɗewa, idan kuma ta tashi cikin ƙarancin abinci ƙugun ya ƙara zama ƙarami, haihuwar fari a wannan hali kasada ce. Amma wanda ya leƙa ɗakin masu jiran aiki zai tarar da matan da suka haifi biyar ko bakwai lafiya, ta takwas ta zo musu da gardama. A ganina abin da ya fi kowane dalili nauyi shi ne lokaci, wato sa'o'in da ke wucewa tsakanin cijewar haihuwa da isa wurin da za a iya fiɗa a ciro jariri. Sa'o'in nan a wurare uku suke zubewa. A gida, inda mai cikin fari ke ɓoye naƙuda don kunya, ana ba ta rubutu da jiƙo, ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini. A hanya, inda babu mota, ko damina ta cinye gada. Da kuma a asibitin kansa, inda za a tarar babu likita ko jini ko wuta, ko a ce sai an biya kafin a taɓa ta. Ƙa'idar da ungozomomi ke koyarwa mai sauƙin riƙewa ce: kada rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, mace tana naƙuda ɗaya.

Tarihi ya goyi bayan wannan fahimta. An ga irin wannan huji a gawar wata matar gidan sarautar Masar mai suna Henhenit, wadda ta rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Turai da Amurka sun yi fama da yoyon fitsari har cikin ƙarni na 19. Likitan da ake danganta wa dabarar ɗinkin, Marion Sims, a jikin bayi mata baƙar fata ya koyi aikin a jihar Alabama tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, sau talatin aka yi mata aiki. Saboda wannan ne aka cire gunkinsa daga babban lambun birnin Niyok a 2018. Ciwon ya ɓace a waɗancan ƙasashe ne lokacin da tiyatar haihuwa ta zama abin da kowace mace ke iya samu a kan kari.

Ba doguwar naƙuda kaɗai ke jawo shi ba. Yankan gishiri, inda ungozoma ko wanzami ke tsaga gaban mace da aska don a buɗe hanya ko a magance wani ciwo da ake zato, yakan zarce ya huda mafitsara. Fyaɗe ma yakan yi haka, musamman ga ƙananan yara. Akwai kuma wanda likitocin fannin ke ƙara kokawa a kai, wato hujin da ke faruwa a ɗakin tiyata, lokacin da wanda bai ƙware ba ya yanki mafitsara ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda wajen ciro jariri ko cire mahaifa. Kai mace asibiti bai wadatar ba, sai an duba hannun da za a miƙa ta.

Gyara yana yiwuwa, kuma Arewa na cikin wuraren da aka fi sanin aikin a duniya. Likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyo ba su da mai duba su, ya koma yi musu aiki. Ya ɗinke dubbai, ya horar da likitoci da yawa, kuma Babbar Ruga yanzu cibiya ce ta ƙasa, tare da ta Ningi a Bauci da ta Abakaliki a Ebonyi. Akwai cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, da Evangel a Jos, da Jahun a Jigawa, da asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, a Nijar kuma akwai ta Danja kusa da Maraɗi. A Habasha, asibitin da Catherine Hamlin da mijinta suka buɗe a Addis Ababa a 1974 ya fitar da Mamitu Gashe, wadda ta zo wurinsu a matsayin majinyaciya tun kafin a buɗe shi, ba ta taɓa shiga aji ba, ta koyi aikin har ta zama mai koya wa likitoci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga Mayu ta kowace shekara don tunawa da wannan lalura.

Gano hujin ba shi da wuya. Akan zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara ta roba, a duba ta inda zai ɓullo. Idan matar ta zo da wuri, cikin makonnin farko, kuma hujin ƙarami ne, wani lokaci robar fitsari kaɗai ta isa: a bar ta makonni huɗu zuwa shida tana kwashe fitsarin, wurin ya huta ya haɗe da kansa. Saboda haka wadda ta ga zuba bayan haihuwa kada ta jira arba'in. Idan kuwa sai an ɗinke, galibi ta gaba ake yin aikin ba tare da an tsaga ciki ba, kuma hujin da bai yi muni ba yakan rufe a wajen takwas ko tara cikin goma. Aikin farko shi ne ya fi kowane damar nasara, domin duk ɗinkin da ya warware tabo yake bari, na gaba ya ƙara wuya. Wasu kuma hujin zai rufe amma ɗigon bai ɗauke duka ba, saboda naman da ke riƙe fitsari ya lalace, sai an ƙara wani aikin.

Bayan an sallame ta akwai sharuɗɗa, kuma rabinsu a wuyan miji suke. Ba a kusantarta sai bayan wata uku zuwa shida, gwargwadon yadda likita ya faɗa. Ana so ta huta kafin wani ciki. Idan cikin ya samu, ta fara awo da wuri, ta gaya wa ma'aikatan cewa an taɓa yi mata aikin yoyo, a sa mata ranar da za a ciro jaririn ta tiyata tun kafin naƙuda ta fara.