Tukunya na bin ƙafa: yadda rumfunan abinci ke buɗewa da rufewa a Ikara, Maƙarfi da Kudan

A wannan yanki namu na arewacin Zazzau da wuya ka ga wurin cin abinci da allo a ƙofa. Mai tukunyar ake sani. In ka sauka a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi ka tambayi ɗan acaɓa inda za ka samu tuwo mai kyau, cewa zai yi ka je wajen Hajiyar bakin tasha, ko mai shayin gindin darbejiya, ko mai wainar bayan masallaci. Shi ya sa ranar da wuri ya rufe babu takarda, babu sanarwa. Za ka zo da yunwarka ka tarar da duwatsun murhu uku, da toka, da benci a kife. Mai facin da ke gefe ne zai ɗago kai ya ce maka, "Ai ta tashi, Malam, tana can wajen 'yan rake yanzu."

Harkar hatsi ce ke yawo da ni tsakanin garuruwan nan, kuma mai irin wannan sana'a rabin abincinsa a rumfa yake cin sa. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, ba kasafai rashin iya girki ke rufe wuri a nan ba. Wadda miyarta ba ta da daɗi ba ta ma kai mako biyu, ba a lissafa ta. Waɗanda suka shekara biyar, goma, sannan aka wayi gari babu su, wani abu ne ya janye mutane daga gabansu, ko kuma ya cinye jarin daga ciki.

Fara da kasuwa. Ranar Laraba Maƙarfi cika take yi, kuma tun kafin asuba mata ke hura wuta. Mai tuwon masara da miyar kuka, mai shinkafa da wake da mai da yaji, mai ɗanwake, mai ƙosai da koko, 'yan fura da nono a jere da ƙoransu, ga masu tsire da balangu da sai rana ta karkata suke kankama. Ka dawo ranar Alhamis, yawancin rumfunan nan sai awaki. Baƙo zai ɗauka sun karye, alhali suna wata kasuwar, domin akwai matan da makonsu a rabe yake tsakanin kasuwanni biyu ko uku, tukwane da buhun gari a bayan mota, su da 'yan tireda da dillalan da za su ci abincin duk a hanya ɗaya.

Bayan kasuwa sai gona. Maƙarfi garin rake ne, kowa ya sani. In sanyi ya shigo aka fara sara, manyan motoci na lodi, ana dafa mazarƙwaila, to duk inda masu sara da 'yan dako suka taru nan za ka ga rumfar zana ta tsiro cikin yini ɗaya. Mutumin da ya wuni yana ɗaukar damin rake ba ya tambayar ko akwai kujera. Malmala uku yake so, da miya mai kauri, da ruwan sha. Haka Ikara take a lokacin tumatirin rani, haka Kudan da Hunƙuyi da tumatirinsu da rakensu, har da inabin da ya fito da sunan Kudan a 'yan shekarun nan. In kaya suka ƙare a fadama, rumfar ma ta ƙare. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, manoma aka yi ta jajanta wa, kuma sun cancanci jaje. Amma matan da ke dafa wa masu tsinka da masu lodin kwanduna su ma kakarsu ta tafi, ga kayan miyar da za su saya sun yi tsadar da ba su taɓa gani ba. Babu wanda ya ƙirga su.

Tsofaffin Ikara har yau suna ba da labarin lokacin da kamfanin tumatir, wanda aka kafa a 1981, ke aiki sosai, motoci na layi a ƙofa, masu abinci na jere a gefe. Duk lokacin da aka ce za a farfaɗo da shi, mata na daga cikin waɗanda ke fara leƙa wurin su ga inda za su kafa murhu.

Akwai kuma masu cin albashi da ɗalibai. Da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Kudan a 1996 aka sa hedikwata a Hunƙuyi, sakatariya ta zo da nata masu abincin, kamar yadda take zuwa da su ko'ina. A Maƙarfi kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris ce ta raya layin masu shayi da Indomie da ƙwai, da masu awara, da masu soya doya da dankali. Waɗannan kalandar makaranta ce ke juya su. In an yi hutu mai tsawo, mai shayi ya ɗaure teburinsa ya tafi gida noma, wani lokaci ya dawo, wani lokaci ƙaninsa ne zai dawo da tukunyar shayin da sunan teburin.

Hanya ma tana tayar da mutane. Tashar Yari, a kan titin Zariya zuwa Kano, da tsayawar motoci take rayuwa. Aikin sake gina titin da aka fara a 2018, aka buɗe ɓangaren Zariya zuwa Kano a 2023, alheri ne ga matafiyi, ni ma ina jin daɗinsa. Sai dai a shekarun aikin an yi ta mayar da motoci hannu ɗaya, wanda rumfarsa ke hannun da aka rufe ya zauna yana kallon ciniki a tsallake. Da titi ya yi santsi kuma, direban da a da ramuka ke tilasta masa rage gudu har ƙanshin tsire ya tsayar da shi, yanzu wucewa yake yi sai Kwanar Ɗangora ko Kano. Wasu masu abincin sun matsa inda motoci ke juyawa, wasu sun shiga cikin gari, wasu sun bari.

Duk waɗannan daga waje suke zuwa. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke cin rumfa daga ciki, kuma mu masu ci muna da hannu a ciki.

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina cin tuwonta, bazawara ce mai 'ya'ya, Inna muke ce mata. Da kwasar adashe ta fara: tukwane biyu, kwanukan silba, benci, da langa-langar da ta yi rufi. Lissafinta na yini ɗaya ne. Da safe ta karɓi gari da shinkafa da manja a wajen mai shago, ta sayi itace, ta biya mai kurar ruwa, ta biya yarinyar da ke wanke-wanke, da yamma ta kai wa mai shago kuɗinsa, ta zuba adashe, abin da ya rage shi ne cefanen gidanta. A irin wannan lissafi babu wurin ɓata. Amma kullum sai an samu mai cewa, "Inna, rubuta, sai ƙarshen wata." Tana da wani littafin makaranta da mai ya jiƙa gefensa, ɗanta ke rubuta mata, kowane shafi da sunan mutum da jerin kwanaki. Ma'aikaci ne, albashi ya makara. Ɗan dako ne, mai kaya bai sallame shi ba. Ɗan maƙwabta ne, ta san uwarsa. Ba ta iya hanawa. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, to amma ita mai shago ba ya jiran ƙarshen wata.

Da kaya suka fara tashi, ba ta ƙara kuɗi ba, domin wanda ya saba cewa "sa mini na ɗari biyu" ɗari biyun ce a aljihunsa. Malmalar ta rage. Daga nan naman ya koma tsoka ɗaya, daga nan ya koma ganda. Na ga ranar da wani ya ɗaga malmala yana mata tsiya, ta yi dariya, amma da ya tafi sai ta daɗe tana kallon tukunya. Yanzu a gida take dafawa, jikarta ke fitowa da kula da rana, an daina biyan kuɗin rumfa. Littafin yana nan a wajenta, da shafukan da ba a soke ba.

Shekarun nan sun haɗa wa irin su Inna zafi kashi-kashi. A watan Maris na 2020 aka kulle jihar Kaduna saboda korona, kasuwanni suka tsaya, jarin da ake juyawa kullum aka cinye shi a gida. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai kwano ya zo da kuɗi a waya, mai tuwo ba ta da asusu. Daga nan ne lambobin OPay da Moniepoint suka fara bayyana a jikin langa-langa, an rubuta da gawayi ko fenti, sau da yawa asusun ɗa ne ko na mai POS ɗin kusa. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa da na ruwa duk suka bi. Wadda ke bin kasuwa uku ta koma bin ɗaya.

Ba kullum rufewa ke zama asara ba. Wata aure ta yi, mijin ya ce ta zauna. Wata kuma, 'yarta da ke riƙe mata rumfa ce aka kai ɗakinta. Wani mai shayin ya tara ya buɗe shagon tireda. Kuma ana buɗe sababbi. Samari da suka yi karatu a Zariya suna dawowa su kama shago, su sa kujerun roba da firji da sola, su dafa jalof da soyayyar shinkafa irin ta Samaru da Kongo. Matan aure na yin samosa da cincin da zoɓo a gida, su sa hoto a WhatsApp, ɗan acaɓa ya kai. Ina yi musu fatan alheri da gaske. Waɗanda na ga sun ɗore a cikinsu su ne waɗanda suka gane cewa hayar shekara da firji ba sa jiran ranar kasuwa, suka ajiye tukunyar tuwo ko garau-garau a gefe saboda mai ƙaramin kuɗi da ke zuwa kullum.

Ƙananan hukumomin nan uku na karɓar kuɗin rumfa da na kasuwa daga hannun matan nan, kuma abin da suke buƙata bai fi ƙarfin hukuma ba. A ware musu layi a kowace kasuwa, a yi daɓen siminti da rufi, a haƙa rijiyar burtsatse kusa, domin ruwan kura na cin riba, kuma ƙarancinsa ne ke sa a wanke kwano talatin a baho ɗaya. A mayar da haraji guda ɗaya mai rasit. In za a faɗaɗa hanya ko a sake fasalin kasuwa, a gaya musu da wuri, a nuna musu inda za su koma tun kafin a rushe rumfar, domin matar da ta yi mako biyu ba ta ɗora tukunya ba, kuɗin garin ta riga ta ciyar da 'ya'yanta da su.