Matakan Kare Kai Idan Wutar Lantarki ta Samu Matsala a Gida

Gabatarwa

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ga lantarki ya kira shi wuta. Kalmar lantarki aro ce daga Ingilishi, amma sauran maganganun namu ne: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja shi. Kamar wutar murhu, tana dafa abinci, tana kuma kisa. A wannan ɗan rubutu zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin abin da ya kamata mu yi idan ta samu matsala a gida ko a ɗakunan kwananmu. Ginshiƙin maganata ɗaya ne: kada ka taɓa waya sai ka raba ta da wuta da hannunka, ka kuma tabbatar.

Ƙarfin Wutar Gida

Wutar da ke shiga gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Sai dai abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wanda ake aunawa da miliamfiya. Mutum yakan fara jin ta daga kimanin miliamfiya 1. Idan ta kai 10 zuwa 20, tsokar hannu takan ƙage har ya kasa sakin wayar. Daga 50 zuwa sama, idan ta bi ta ƙirji, tana iya dagula bugun zuciya. Alhali ƙwan fitila mai wat 60 kaɗai yana jan kimanin miliamfiya 260. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙen hannu, gumi ko tsayuwa ba takalmi a kan siminti mai laima buɗe mata hanya suke yi.

Haɗarin “An Ɗauke Wuta”

Na lura mutane da yawa sukan jira a ɗauke wuta, sannan su kwance soket ko su ɗaura waya. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Sunaye sun sauya, amma wuta ba ta sallama idan za ta dawo. Bayan haka, gidaje da yawa yanzu suna da janareto ko sola mai batir, saboda haka waya tana iya ɗauke da wuta ko da unguwa duhu ce. Janareton da aka jona ba tare da makunnin sauya layi ba yana iya mayar da wuta waje, ta kama maƙwabci ko ma'aikacin da ke kan falwaya.

Don haka, kafin kowane gyara, ka kashe babban makunnin gida, ka kashe janareto da na'urar sola, ka sanar da mutanen gida kada wani ya kunna. Sannan ka gwada wayar da testa, wadda ka riga ka jarraba a soket mai wuta ka ga tana aiki. Kada ka dogara da launin waya kawai. A tsohon tsari ja ce mai wuta, a sabon tsari kuwa mai ruwan ƙasa ce, kuma ba kowane mai jona waya ke bin ƙa'ida ba.

Fiyus da Yawan Jone-jone

Fiyus an yi shi ne don ya tsinke kafin waya ta yi zafi ta kama. Idan ya ƙone, alama ce akwai matsala. Wanda ya maye gurbinsa da kakkaurar waya ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe. Soket mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Hitar ruwa da dutsen guga da rishon lantarki a kan soket ɗaya sun isa su zarce wannan. Warin ƙonewar roba, filogi mai zafi, tartsatsi, ko firijin da ke jan mutum idan an taɓa shi, duk dalilai ne na a kashe a kira ƙwararren mai gyaran wuta. Kwance mita ko hawa falwaya kuwa karambanin akuya ne, gai da kura.

Idan Tsautsayi ya Auku

Idan waya ta kama da wuta, a fara kashe babban makunni. Kada a watsa ruwa, domin ruwa yana ɗaukar lantarki zuwa ga mai watsawa. A yi amfani da busasshen yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda.

Idan kuma wuta ta riƙe mutum, kada ka cafko shi, sai ta haɗa ku duka. Ka kashe makunni. In ya yi nisa, ka tsaya a busasshen wuri ka ture shi da busasshen katako ko kujerar roba. Wannan dabara ta wutar gida ce kawai. Idan babbar wayar titi ce ta faɗo, a yi nesa da ita. A kira lambar gaggawa 112. In ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti har taimako ya iso. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, zai iya shaƙewa. Ko ya miƙe garau, a kai shi asibiti, domin ƙunar lantarki takan yi ɓarna a ciki fiye da yadda ake gani a fata.

Kammalawa

Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne kuma muke cewa rigakafi ya fi magani. Shawarata ga kowane ɗalibi ita ce, yau ɗin nan ya nemi inda babban makunnin gidansu yake, ya kuma nuna wa sauran mutanen gida. Allah ya tsare mu, amin.