Tsohuwar Mota Ta Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Shekara tara ke nan da na gaji Peugeot 504 ta mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Tana fake ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Birnin Kebbi, kuma a ƙalla sau biyu a wata 'yan gwangwan kan yi sallama su tambayi nawa zan sayar. Ba mota suke gani ba, kilo suke lissafawa.

Wannan ƙirar ta fito a Faransa a 1968, sannan kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika hanyoyin Arewa da ita. Ita ce motar gwamna, ita ce ta ɗaukar amarya, ita ce tasi mai zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Argungu tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991.

Sai dai riƙe ta a yau aiki ne ja. Zafin bazara ya fasa robobinta, ƙurar hunturu ta toshe kafireto, damina ta bar tsatsa a ƙasan ƙofofi. Lagireto ɗaya na yi wata uku ina cigiya, da ya iso daga Kano kuma bai dace ba. Dattijon bakaniken da ke gane ciwonta da jin ƙarar inji kawai ya rasu bara. Yaransa sun fi sanin motocin da ake jona wa kwamfuta. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa, tayar da ita ma sai na duba aljihu. Albashin malamin jami'a ba ya ɗaukar kuɗin makarantar yara da lalurar mota mai shekara arba'in a lokaci guda.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne ziyarar da na kai ɗalibaina Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, ginin da ya taɓa zama fadar Sarkin Kabi. Takubba da tambura da ke ciki, da an bar wa magada su ɓoye a ɗaka, da tuni sun salwanta. Sun tsira ne domin sun zama na kowa. Haka motar Mercedes da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, take a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, tana koyar da abin da littafi ba zai iya ba.

Saboda haka ina roƙon Masarautar Argungu da gwamnatin jiha su keɓe rumfa guda domin tsofaffin motoci. A bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, a ware rana a jera masu sauran rai jama'a su gani. Ɗalibanmu na tarihi kuma su shiga tashoshi da garejoji su naɗi bayanan tsofaffin direbobi da makanikai, su ɗauki hotuna, tun ba mu rasa su ba.

Son abu ba lallai sai da mallakarsa ba. Idan aka gina rumfar, ni ne na farko da zai kai makulli. Idan kuwa aka yi jinkiri, ma'aunin 'yan gwangwan ba ya jiran kowa.