WARIN TAKALMI DA YADDA ZA A KAU DA SHI

Sau da yawa akan ga mutum kamili, tufafinsa fes, amma da zarar ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci ko a zauren surukai sai na kusa da shi su shiga kau da fuska. Kunya kan hana a gaya masa. Jama'a sukan ɗauka ƙazanta ce kurum, alhali kuwa akwai masu wanka safe da yamma da ke fama da wannan abu.

Asalin warin daga danshi yake. Ƙafafun mutum biyu suna da kafofin zufa wajen 250,000. Ita zufa ba ta da wari sa'ad da ta fito. Waɗansu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani suke zaune a bisa fata, suna cin zufar tare da matacciyar fata, abin da suke fitarwa kuwa shi ne yake ɗoyi. Ba abin da suke so kamar wuri mai ɗumi da laima, watau cikin takalmi sau-ciki na roba ko kambas wanda aka wuni da shi a ƙafa. Shi ya sa abin ya fi tsanani da damina, da kuma garuruwan bakin teku irin su Ikko da Fatakwal. Wanda ya fesa turare a takalmi ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Gyara daga ƙafa yake farawa. A wanke ta da sabulu kullum, a goge ta sarai, musamman tsakanin yatsu. Nan ne da yawanmu muke sakaci: mutum ya yi alwala, ya idar da salla, ya zura ƙafa a safa da sauran ruwanta don gaggawar komawa ofis. Ɗan tsumma mai tsabta a aljihu ya isa magance wannan. Safa ta auduga ta fi ta nailan tsotse zufa, kuma kada a maimaita ta sai an wanke.

Shi takalmi yana bukatar kamar sa'a 24 kafin ya bushe sosai, saboda haka mai hali ya riƙa canzawa tsakanin biyu. Wanda ɗaya gare shi, ya sassauta igiya da dare, ya zare shimfiɗar ciki, ya cusa tsohuwar jarida ta tsotse laimar. Gawayi da aka ƙulle a ƙyalle, ko cokali ɗaya na garin sodar da ake kwaɓa kek da ita, sukan janye wari in sun kwana a ciki. Da safe a kakkaɓe. Kambas a wanke shi a shanya a rana. Na fata kuwa a inuwa mai iska, nesa da murhu, don zafi yakan tsattsaga shi.

In tsakanin yatsu ya yi fari, yana ƙaiƙayi ko darewa, to, cin ruwa ne, kuma ana ɗaukarsa a wurin wanka ko ta aron takalmi. A nemi man shafawa a ɗakin shan magani, a shafa har iyakar kwanakin da aka faɗa ko da an ga sauƙi. Mai ciwon sukari kada ya tsaya maganin gida. Ciwon yakan rage jin zafi a ƙafa, har rauni ya ruɓe mai shi bai sani ba, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafar. Ya duba tafin ƙafarsa kowace rana, in ya ga miki ko ya ji sabon wari, ya tafi asibiti a ranar.