Wa Ke Riƙe da Alƙalamin Idan Rubutun na Taro Ne?

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da ƙauyuka da dama a ƙasar Yawuri, aka tashi dubban mutane, Gungawa da maƙwabtansu, zuwa sababbin matsugunai. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun tsufa. Jikokinsu kuwa sun warwatsu: wani yana karatu a Sakkwato, wani yana aiki a Abuja, wani yana sana'ar kifi a Yelwa. In za su haɗa kai su rubuta wannan tarihi, ko takardar koke kan haɗarin jirgin ruwa irin na Warra a 2021, a ina za su zauna?

Galibi a WhatsApp ake zaman. Sakatare ya turo daftari, wannan ya kwafa ya gyara, wancan ma ya ɗauki na farkon ya yi nasa gyaran. Kafin la'asar takarda ɗaya ta zama huɗu, an rasa wacce za a kai wa hakimi.

Manhajoji irin su Google Docs sun magance wannan. Takardar guda ce, ajiye a intanet, kowa ya shiga ita yake taɓawa, kuma manhajar tana adana wanda ya canza me da lokacin da ya canza. Abin da ya fi burge ni shi ne damar ajiye shawara a gefe ba tare da goge komai ba. A wurinmu yaro ba ya soke maganar babba gaba-gaɗi, amma zai iya rubuta, "Kawu, ko a ce kaza?" ya bar masa zaɓi.

Sai dai wa zai shiga? Ana buƙatar data da sabis mai ƙarfi, abin da ba kullum ake samu ba a bakin ruwan Ngaski da Shanga. Tsohon masuncin da ya san sunan kowane gungu ba ya buga rubutu. Saƙon murya jikansa zai naɗa masa, wataƙila ma da Reshe, harshen Gungawa. Matashin da ya saurara ya mayar da shi Hausa shi ke zaɓen abin da zai shiga, kuma manhajar sunansa kaɗai za ta nuna.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a rufe daftari ba sai an karanta wa tsohon ta waya, sakin layi bayan sakin layi, an ji inda zai ce, "A'a, ɗana, ba haka na faɗa ba," sannan a rubuta sunansa a gefen maganarsa.