Zejneba, matar da ta ɓoye maƙwabtanta daga 'yan Nazi

Mai karatu, ko a Gumel kake ko a Sule Tankarkar, ka san idan gobara ta ci gidan maƙwabci ba a jira sai ya roƙa kafin a ba shi ɗaki. To amma idan hukuma ta manna takarda a bango cewa duk wanda ya ba shi masauki za a kashe shi fa?

Wannan ne ya sami wani gidan Musulmi a birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya. A watan Afrilun 1941 jiragen Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, gidan wani Bayahude mai suna Josef Kabiljo ya rushe. Mustafa Hardaga, wanda suke hulɗar kasuwanci tare, ya kwashe shi da matarsa da 'ya'yansa zuwa gidansa. Ofishin 'yan sandan asirin Nazi kuwa yana tsallaken titi.

Gidan na masu kulle ne, matansa ba sa bayyana fuska gaban baƙo. Amma Zejneba, matar Mustafa, ta daina rufe fuskarta gaban Josef, alamar ya zama ɗan gida. Duk macen da ta taso a ƙasar Hausa ta san nauyin wannan.

Daga baya aka kama Josef, aka sa masa sarƙa yana share ƙanƙara a titi. Zejneba ta riƙa kai masa abinci, shi da sauran fursunoni. Mahaifinta, Ahmed Sadik, shi ma ya ɓoye wasu Yahudawa, aka kama shi, ya rasa ransa a sansanin Jasenovac.

Iyalin Kabiljo sun tsira, suka koma Ƙudus bayan yaƙi. A 1984 cibiyar Yad Vashem ta karrama gidan Hardaga bisa shaidar da suka bayar.

Sai ga shi a 1992 sojojin Sabiyawa sun yi wa Sarayebo ƙawanya, wannan karon Musulmi ne a tsaka mai wuya. Zejneba ta tsufa, ga rashin lafiya, tana fakewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Zuriyar Kabiljo suka tashi tsaye, a farkon 1994 aka fitar da ita da 'yarta da surukinta da jikarta cikin ayarin motoci. A Ƙudus ta rasu cikin shekarar.