Ciwon Sugan Masu Juna Biyu: Ba Kowane Ƙaton Jariri Ne Abin Guɗa Ba

'Yan uwana mata, musamman amarenmu da 'yan matan da aka riga aka kai lefensu, har ma da ku 'yan makaranta masu ɓoye wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi. Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, sai dai zance ne a kan abin da soyayyar kan haifar idan an shiga daga ciki.

A wajenmu idan mace ta haifo ƙaton jariri, gida kan kaure da guɗa, 'yan barka su yi ta miƙa wa juna shi suna cewa tubarkalla, ɗa kamar ɗan wata uku. Mai jego kuwa tana can ƙuryar gado ko zama ba ta iya yi saboda ɗinki, ba mai tambayar dalilin da ya sa ɗan ya yi wannan girma. Ban ce kowane ƙaton jariri ciwo ne ya kawo shi ba, domin akwai na gado. Amma jaririn da ya kai kilo 4 ko ya wuce, likitoci kan ɗaga kai su dubi uwarsa, saboda sau da yawa suga ne ya hau mata lokacin goyon ciki ba tare da kowa ya sani ba.

Ga yadda abin yake. Duk abincin da muka ci mai gari, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, yakan narke ya zama suga a cikin jini. Akwai wani sinadari da jiki ke yi da kansa mai suna insulin, shi ke kwashe sugan nan daga jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. To idan ciki ya fara nisa, mabiyiya takan fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ɗin ƙarfi. Yawancin mata jikinsu yakan ƙara yawan insulin ɗin sai a tashi babu komai, wasu kuwa jikin ya kasa, sai suga ya taru a jini. Sugan uwa yana ratsa mabiyiya ya isa wajen ɗa, shi kuma ɗan ya yi nasa insulin ɗin ya mayar da sugan kitse. Ke nan kamar ana yi masa ɗure ne dare da rana yana kwance a ciki. Kuma kada ki ɗauka ciwon matan masu kuɗi ne: ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa kusan haihuwa 1 cikin kowace 6 a duniya, uwar ta yi fama da hawan suga lokacin da take da cikin.

Abin haushin shi ne ciwon ba ya sallama. Yawan fitsari, ƙishirwa, kasala, wace mai ciki ce ba ta yin su? Wasu kan ce a duba ko kiyashi na bin fitsari, to wannan ba gwaji ba ne, hasali ma mai ciki lafiyayya tana iya zubar da ɗan suga a fitsarinta. Jini ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

Ni a cikina na biyu aka gano mini shi. Mahaifiyata tana da ciwon suga, ɗana na fari kuma kilo 4 da ɗoriya na haife shi bayan naƙudar da ba na son tunawa. Da malamar awo ta ji waɗannan biyun sai ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ke kam ba za ki tsallake gwajin suga ba." Ta ce ban da irina, akwai mace mai ƙiba, da wadda shekarunta suka haura 35, da wadda ta taɓa haihuwar ɗa ba rai ba a san dalili ba, da wadda ciwon ya taɓa kamawa a wani cikin. Irin waɗannan akan gwada su tun zuwan farko, saura kuma tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata shida zuwa bakwai.

Gwajin yana son haƙuri. Za ki kwana ba ki ci komai ba na aƙalla awa 8, ki yi sammako, a ɗebi jininki, sannan a ba ki ruwan gulukos giram 75 ki shanye. Wallahi zaƙinsa har tashin zuciya yake sa wa. Sai ki zauna a benci, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a kuma sake bayan awa biyu. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan na farko ya kai 5.1, ko na awa ɗaya ya kai 10.0, ko na awa biyu ya kai 8.5, to ciwon ya tabbata, ko da guda ɗaya ne kawai ya haura. Nawa na farko da na ƙarshe duk sun haura.

A keke napep na yi ta share hawaye da gefen hijabi har gida, domin a tunanina shi ke nan na bi sahun mahaifiyata. Ashe ba haka ba ne. Yawancin mata da zarar an haihu mabiyiya ta faɗo sugan yakan koma daidai, kuma da yawa ba sa ma kai wa ga shan magani, gyaran cima da motsa jiki kan ishe su.

Gyaran cimar nan shi ne yaƙin, kuma a gidan Bahaushe yaƙin ba da abinci kaɗai ake yinsa ba, har da mutanen gida. Surukata, Allah Ya saka mata da alheri, mace ce mai son ta ga an ci. Kullum da safe sai ta aiko da kofin kunu ya sha sukari, da rana ga fura, da dare malmala biyu. Da ta ga ina rage tuwo sai ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ke 'yar nan, jikan nawa za ki kashe da yunwa? Ai mai ciki cin mutum biyu take yi." Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, likita ne ya ce." Ta ce likitan ya taɓa yin ciki? Ban ja da ita ba, na dai lallaɓa maigidan ya raka ni awo na gaba ya ji da kunnensa, shi kuma ya je ya yi mata bayani a ɗakinta. Daga ranar da kanta take gyara mini zogale. Ki riƙe wannan dabara, amarya: maganar da za ta yi nauyi a bakinki, a bakin ɗanta ba ta da nauyi.

Ba a ce ki daina cin tuwo ba, kuma ba a ce ki zauna da yunwa ba, yunwa ma illa ce ga ɗan. Abin da aka koya mini shi ne in raba farantina gida biyu. Rabi ganye: kwaɗon zogale ko rama, alayyafo, kabeji, latas, miyar kuɓewa ko ta kuka mai yawa. Ɗaya rabin a sake raba shi biyu, gefe guda nama ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara, ɗaya gefen kuma tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannuna. Maimakon in cika ciki sau biyu, sai in ci kaɗan sau uku, a tsakani in taɓa gyaɗa ko dafaffen ƙwai ko kindirmo marar sukari. Lemon kwalba, lemon malt da ake kawo wa mai ciki kamar magani, alawa, cincin, fanke, rake, shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, duk na yi musu sallama.

Karin safe ya fi ba ni wahala, saboda da safe sugan mai ciki ya fi saurin hawa. Koko ko kunu, ko da ba a sa sukari ba, gari ne da aka tace aka dama, shigarsa jini kamar ruwa a gangare. Ranar da na sha koko da burodi na'ura takan nuna mini abin da ba na so, ranar da na ci alala ko ƙosai da ƙwai sai in ga lafiya lau.

Akwai kuma maganganun da ke yawo a gidajen biki da ya kamata in taɓo. Wai zuma ba ta da illa tunda ba sukari ba ce. To a cikin jini zuma suga ce, haka dabino. Wai tuwon alkama da acha ba sa ɗaga suga. Suna ɗagawa idan kika cika kwano, yawan shi ne abin dubawa. Mafi haɗari su ne masu cewa a sha jiƙon ɗaci, darbejiya ko garafuni ko sassaƙe, wai ɗaci na kashe zaƙi. 'Yar uwa, da ciki a jikinki kada ki sha abin da ba ki san me zai yi wa ɗanki ba, komai girman wadda ta miƙo miki.

Sai tafiya. Minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci yana sauke suga sosai. Ni ba fita nake yi ba, don haka tsakar gida nake zagayawa daga bakin rijiya zuwa zaure in dawo, yaran gida suna bina suna dariya. Abin da ba a so shi ne ki ci tuwon dare ki haye gado nan take.

Maigidan ya sayo mini 'yar na'urar gwaji a kemis. Ita kanta ba ta kai tsinkayenta cin kuɗi ba, domin kowane gwaji da tsinkensa. Nakan huda yatsa da asuba kafin in ci komai, sannan bayan abinci, in rubuta a littafi in tafi da shi awo. Abin da ake nema shi ne na asuba ya kasance ƙasa da 5.3, na awa ɗaya bayan cin abinci ƙasa da 7.8, na awa biyu ƙasa da 6.7. Wasu na'urorin da manyan lambobi suke ƙirga, a wajensu 95 da 140 da 120 ke nan. Idan kuɗin tsinke ya yi miki yawa, ki faɗa wa malamar awo gaskiya ta tsara miki lokutan da suka fi muhimmanci, ya fi ki bari gaba ɗaya.

Ni cima da tafiya suka riƙe ni har wata takwas, daga nan na asuba ya ƙi sauka, likita ya ɗora ni a kan allurar insulin da dare. Wasu kuma ƙwayar metformin ake ba su. Na san yadda muke tsoron allurar nan, ana cewa wanda ya fara ba ya dainawa. Ga mai ciki ba haka ba ne, ni ranar da na haihu aka tsayar mini. Allurar siririya ce ƙwarai, kuma tun 1922 ake yi wa mutane magani da insulin, ba sabon abu ba ne. Ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara. Da yake wutar lantarki sai a hankali, a cikin 'yar roba mai murfi nake sa shi in ajiye a gindin randa. Mai yin allura kuma kada ta tsallake abinci. Idan kika ji karkarwa da gumi da jiri, sugan ne ya faɗi, maza ki tsotsi ƙwayar sukari uku ko ki sha rabin kofin lemo, sannan ki ci abinci. Shi ya sa ko unguwa za ni da ƙwayar sukari a jakata.

Azumi ya riske ni a cikin wannan hali, kuma ba ƙaramin nauyi na ji ba a ce gida kowa na azumi ni ina ci. Likita ya ce kada in yi, maigida ya tambayo malamai suka ce mai ciki da ke tsoron cutuwa, ita ko ɗanta, shari'a ta yi mata rangwame. Yadda za ki biya daga baya, wannan ki tambayi malaminku.

Me ya sa duk wannan wahala? Saboda sugan da aka ƙyale yakan sa ɗa ya yi girman da kai zai fito kafaɗa ta maƙale, ko naƙuda ta yi tsawo har a kai ga tiyata, kuma kun san abin da doguwar naƙuda a gida ke jawo wa mace na yoyon fitsari. Yakan zo tare da hawan jini, wanda ke kai wa ga jijjiga. Wani lokaci ma, Allah Ya kiyaye, ɗan yakan koma tun yana ciki. Don haka mai wannan ciwo ba ta wasa da ranar awo, ba ta haihuwa a gida, kuma likitoci ba sa son ta zarce lokacinta. Idan kika ji motsin ɗa ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani, ko ganinki na dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, kada ki jira gari ya waye.

Na haifi 'yata da kaina, kilo 3 da ɗan kai, surukata tana ta cewa 'yar ƙarama ce amma ga ta da ƙarfin kuka. Nan take aka ɗora mini ita a ƙirji aka ce in ba ta nono. Dalili kuwa, jaririn da ya saba da suga mai yawa a ciki, da an yanke cibiya sugansa kan iya faɗuwa, maganinsa shi ne ya sha nono da wuri kuma a kai a kai. A nan ne al'adarmu ta matse dakashi a zubar take da haɗari ƙwarai, domin wannan nonon farko mai kauri shi ne abin da jaririn ya fi buƙata a wannan sa'a.

Saura abu guda da yawancinmu ke mantawa da shi cikin hidimar suna da wankan jego. Ana so a sake gwada jininki tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, wato da kin yi arba'in, kafin ki fara yawon gaishe-gaishe ki fara biyawa ta asibiti. Ko an ce ya tafi, kusan rabin matan da suka yi shi sukan kamu da ciwon suga na dindindin daga baya, sai dai shayarwa da rage ƙiba da motsa jiki suna rage wannan haɗari. Kunun jego a sassauta masa sukari. A riƙa gwaji duk shekara, ko aƙalla kada a wuce shekara 3 ba a yi ba, kuma duk ranar da kika sake samun ciki, tun zuwanki awo na farko ki gaya wa malama cewa kin taɓa yi, domin ta gwada ki da wuri ba sai an jira wata shida ba.